Muhawara: Nijar ta fi mu fari, me ya sa gonakinsu suka fi namu itace?

Direban Kwanni: Salamu alaikum 'yan zaure. Shekara 19 ke nan ina bisa hanyar Sakkwato zuwa Illela, wani bi in ƙetara Kwanni, in da lodin albasa har Galmi da Madawa. Akwai abin da ka ba ni mamaki kullum. Daga Kware har Gwadabawa, in ka dubi jigawa da rani, gona kamar an share ta da tsintsiya, sai tumfafiya da 'yan kututturai. Amma ka shiga wajen Maraɗi ka ga gona guda da gawo goma sha, ga kalgo, ga sabara an gyara ta ta miƙe kamar sanda. Su da muka cewa hamada ta cinye. Masu ilimi ku hwaɗa muna, mi yaf faru?

Baban Khadija: Wa alaikumus salam Direba. Kada ka bari bakin titi ya ruɗe ka. Ƙasar da ake lissafa ta kullum cikin na ƙarshe a duniya wajen talauci ita za mu yi wa sha'awa? Da itace na ba da tuwo da ba su cika Sakkwato da ga-ruwa da yankan farce ba.

Mai Zaure: Baban Khadija a sassauta harshe. Akwai 'yan uwanmu na can a zauren nan, kuma rabinmu in an bi salsala akwai kaka a ƙetare.

Hajiya Inno: Ni ce ta farko. Mahaifiyata 'yar Tsibiri ce, Bagobira gaba da baya, har ta rasu ba ta yarda akwai wata iyaka tsakaninta da Sabon Birni ba. Ku ci gaba, ina sauraro.

Malamin Jogirafi: Bari in shimfiɗa tabarma kafin a hau gardama. Nijar tana da faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, ta fi Nijeriya girma, don tamu 923,768 ce. Amma wajen kashi biyu cikin uku na ƙasar hamada ce: Tenere, duwatsun Ayar a arewacin Agadas, can gabas kuma Bilma inda ayarin raƙuma ke ɗauko gishiri da dabino. Noman damina yana yiwuwa ne a wani siririn ɗamara da ya bi iyakarmu, daga Gaya da Doso, ta Kwanni, Maraɗi, zuwa Damagaram. Ruwan sama yana raguwa duk taku ɗaya da ka yi arewa. Mu a Sakkwato muna samun milimita 600 zuwa 700 a shekara mai kyau, Maraɗi wajen 500, Tawa ƙasa da haka, Agadas kuwa ɗari da 'yan kai. Tun 1961 suka yi doka suka ja layi, suka ce daga nan zuwa arewa ƙasar kiwo ce, ba ta noma ba. Kogi ɗaya tak ke gare su da ba ya ƙafewa, Kwara, shi ma kusurwar yamma kawai ya ratsa, ta Tilaberi da Yamai da Gaya, sannan ya shigo mana ta Kebbi.

To a wannan siririn ɗamarar ne kusan dukkan jama'arsu ke zaune. Lokacin da suka samu 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960 ba su kai miliyan 4 ba. Ƙidayar 2012 ta ba su miliyan 17, yau sun haura 25. Don haka tambayar Direba tana da nauyi: mutane sun ninka sau shida da wani abu, ruwa kaɗan, amma itace ya ƙaru a gonakin Maraɗi da Damagaram.

Baban Khadija: Malam, ya ƙaru ko dai ana cewa ya ƙaru? Turawan ƙungiyoyi sun iya rubuta rahoto in suna neman kuɗi.

Ɗalibar Danfodiyo: Baba, da izininka. Wannan ba rahoton masu neman tallafi ba ne kawai. An ɗauko hotunan sama na shekarun 1970 an gwada su da na tauraron ɗan'adam na bayan 2000, ƙauye da ƙauye, ana ƙirga itace. Masu binciken, irin su Chris Reij da Gray Tappan, sun kiyasta hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yawancinsu ba dasa su aka yi ba.

Direban Kwanni: Ba a dasa ba? To aljannu sunka kawo su?

Ɗalibar Danfodiyo: Kututturai ne, Yaya. Duk sabara ko kalgon da aka sare, saiwarsa tana nan da rai a ƙasa, wani lokaci ta nutsa zurfin da dashe ba zai kai ba a shekara biyar. Kowace shekara tana fitar da toho, mu kuma da sassabe mu bi mu datse, mu tara mu cinna wuta. Su sai suka daina. Manomi ya zaɓi toho ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi a kan kututture, ya cire sauran, ya rage rassan ƙasa da lauje ko wuƙa mai kaifi, ya bar shi. Shekara uku ya wuce tsayin mutum. A Maraɗi suna kiran abin sassabin zamani. Wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan a can, shi ya yi ta yayata shi daga 1983, bayan ya gaji da dasa itacen da ke mutuwa. Shi da kansa ya yarda dabarar ba baƙuwa ba ce ga manoma, an dai yi watsi da ita ne.

Kawu Manu: Ɗiyata kin hwaɗi gaskiya, amma kin baro rabi. Wanga abu mun san shi tun dauri. Ubana ba shi taɓa sare gawo cikin gona ba, cewa shikai gawo taki na da Allah ya aje. Da damina shi kakkaɓe ganye nai, hatsi shi samu rana, da rani shi yi kore, bisashe su kwanta ƙarƙashi su ci 'ya'ya nai su zuba kashi. Gero na gindin gawo ko makaho ya shafa zangarniya ya san ta bambanta. Abin da ya kashe muna shi biyu na. Na ɗaya, malaman gona sunka zaka sunka ce gonar ƙwarai ita ta wadda anka share tas, don garmar shanu da tarakta su wuce. Wanda ya bar icce sai a ce raggo na. Na biyu, icce bai zan naka ba. Ni da kaina, wata shekara, ni datse reshen ƙirya cikin gonar gadonmu in gyara rumbu, wani ma'aikacin gandun daji ya kama ni, sai da ni sai da tunkiya ni biya tara. Tun ran nan duk tohon da ni gani ina kashe shi tun yana ƙarami. Mi za ni renon abin da za a ɗaure ni don shi?

Malamin Jogirafi: Kawu, Allah ya ƙara girma, ka taɓo jijiyar maganar. Nijar ma haka take, har ta fi mu tsanani. Dokar gandun daji da Faransa ta bar musu ta mai da itatuwa irin su gawo dukiyar hukuma, ko da a tsakiyar gonarka suke. Sai abubuwa suka haɗu. Farin 1968 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ba adadi, kuma yadda aka yi da abincin agaji yana cikin dalilan da Seyni Kountché ya bayar da ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. Aka sake shiga wani farin a 1984. A shekarar Kountché ya tara babban taro a Maraɗi kan kwararowar hamada. Kuɗin yuraniyom kuma ya faɗi, gwamnati ta rasa ƙarfin tura ma'aikata kowane ƙauye. Da ido ya ragu a kan manomi, sai ya fara ɗaukar itacen gonarsa a matsayin nasa. Daga baya doka ta biyo baya: kundin dokokin karkara na 1993, sannan sabuwar dokar gandun daji ta 2004.

Hajiya Inno: 1984 ɗin nan ba na mantawa. Ina amarya a Illela. Mutanen can suna kiran yunwar El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyaka da gwamnatin Buhari ta yi daga Afrilun shekarar, ba a buɗe ba sai 1986. Dangin mahaifiyata da dare suke zuwa ta daji da jakuna, mu auna musu garin rogo da dawa a ɓoye. Wata gwaggona ta zo da tasoshinta na aure ta ce a musanya mata da tiya biyar. Mahaifiyata ta ba ta hatsin ta mayar mata da tasoshin, suka zauna suna kuka su biyu.

Baban Khadija: Allah ya jiƙan magabata, Hajiya. Amma Malam, ina nan kan bakana. Kowa ya san ruwan sama ya ɗan dawo tun shekarun 1990. In ruwa ya dawo itace zai dawo, ba sai an yi wa wani kirari ba.

Ɗalibar Danfodiyo: Ruwa ya taimaka, Baba, ba wanda ya musa. Amma girgije ba ya tsayawa a shingen kwastan. A hotunan da aka ɗauka kudu da Damagaram, inda ƙasa iri ɗaya ce, mutane iri ɗaya, ruwa iri ɗaya, gefen Nijar ya fi gefenmu itace har kana iya bin iyakar da ido. Da ruwa ne kaɗai da namu ya fi, tunda mu ne a kudu.

Baban Khadija: To na ji wannan. Sai dai a ce mu man fetur ya sangarta mu, su kuma wuya ta koya musu.

Ɗan Kalmalo: Tun ɗazu ina karantawa ina cije haƙori. Kuna ta yabon Nijar, wa ya tambayi mutanen Kalmalo? Tafkinmu da kakanninmu ke su a ciki, ana noman rani a bakinsa, alkama da albasa da tumatir, ruwansa daga kwarin Maggiya yake zuwa, ta cikin Nijar. Suka gina madatsai a Mozage da Zango don aikin noman rani na Kwanni, ruwan da ke iso mana ya ragu, tafki ya riƙa ƙafewa. Korensu da ruwanmu aka yi shi.

Malamin Jogirafi: Ɗan Kalmalo, kukanka yana da tushe, amma ka raba abu biyu. Noman rani na Kwanni daban, itacen jigawa daban. Gawon Maraɗi ba ya shan ruwan Maggiya. Sannan wannan wuƙar kaifi biyu gare ta. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina ya taso, ya shiga Nijar, ya yi kwana ya dawo mana ya zuba a Rima ta wajen Sabon Birni. Da muka gina madatsar Jibiya, mutanen Maraɗi irin kukanka suka yi. Shi ya sa ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri a 1990, kan rabon ruwan koguna huɗu da muka haɗa: Maggiya, Gulbin Maraɗi, Tagwai da Komadugu Yobe. Takarda tana nan, aiki da ita ne ya yi ƙaranci. Mu ma nan cikin gida abin da madatsar Bakolori ta yi wa fadamun da ke ƙasa da ita bayan 1978 ba Nijar ce ta yi ba.

Ɗan Kalmalo: Takarda ba ta shayar da albasa, Malam.

Malamin Jogirafi: Ban musa ba.

Direban Kwanni: Ni dai wagga iyaka ban san wanda ya ja ta ba, amma bai taɓa zama Illela ba. Kasuwa guda, aure guda, limami na wuce shinge shi tai jana'iza shi komo.

Malamin Jogirafi: Ai labarin jan ta abin dariya ne in ba don abin da ya biyo baya ba. A 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Paris, aka kafa tsinin kamfas a kan birnin Sakkwato aka zana baka mai nisan mil 100, aka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Da an tsaya a haka da Kwanni tamu ce, da Marata ma, kusa da Galmi, inda aka haifi Shehu Usmanu a 1754. Sai Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu daga Kwara zuwa Damagaram ba rijiyoyi, ayarinsu ba zai iya bi ba. A 1904 aka sake zama, Ingila ta matso da layin kudu, Faransa kuma ta saki wani haƙƙin kamun kifi da take da shi a gaɓar Niyufanlan, can wajen Kanada. Wato da kifin da ba mu taɓa gani ba aka sayi Kwanni. Daga 1906 zuwa 1908 aka bi aka kafa alamomi. Kafin nan, a 1899, rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta riga ta ƙone Birnin Kwanni ta kashe jama'a masu yawa, ita ce kuma ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu.

Kawu Manu: Kifi! Lalle an raina mu.

Baban Khadija: To tunda an shiga tarihi, ku gaya mini amfanin yuraniyom ɗinsu. Tun 1971 ake haƙa a Arlit, ya shafe shekaru yana kunna fitilun Faransa, su kuwa kafin 2023 wajen kashi 70 cikin 100 na wutarsu daga Nijeriya muke tura musu, har da ta Kainji da ke bi ta Birnin Kebbi. Da sojoji suka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023 aka yanke wutar, Yamai ta shiga duhu. Madatsar Kandaji da suka aza harsashinta tun 2008 har yau ana jira. Wannan ce ƙasar da za ta koya mana?

Hajiya Inno: Baban Khadija, wutar da aka yanke musu kai ka gan ta a gidanka? Mu dai a Mabera ba mu ga ƙari ba. Kuma rufe iyakar nan wa ya ji a jikinsa? Kasuwar Illela ta mutu murus wata bakwai, dabbobi suka yi tsada, masu albasa suka yi asara. Ba wanda ya ce gwamnatinsu ta fi tamu. Maganar manomi ake yi da gonarsa. Ni abin da ya dame ni itacen girki ne. Gas ya fi ƙarfin talaka, kowa ya koma gawayi, kullum manyan motoci na shigowa da buhuna. Ƙanwata da ke aure wajen Gidan Runji rassan da mijinta ya rage a gonarsu take girki da su, har ta sayar da ragowa ranar kasuwa. Ni nan ɗaurin itace uku ba ya kai ni Juma'a.

Ɗalibar Danfodiyo: Inna, a nan ne matan can suka fi cin riba, don tafiyar neman itace ta ragu musu sosai. Akwai kuma dabarar fako. A Illelar Nijar, ta jihar Tawa, ba tamu ba, manoma sun je Yatenga a Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980 suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako, a zuba taki, ruwa ya taru, gara ta buɗe ƙasa. Suka dawo suna yi, suna kiransa tassa. Har fakon da ba mai so ya koma ana saye da sayarwa. Ga rabin wata da ake haƙawa a gangare. A kwarin Maggiya kuma tun 1975 aka jera dogonyaro layi-layi don tare iska.

Direban Kwanni: Mu ko kowace shekara a zo da 'yan jarida, babban mutum shi sa hula shi dasa icce guda, a zuba mai ruwan gora, a watse. Sati biyu awaki sun gama da shi. Akwai wani wuri bisa hanyata da anka kafa allo babba, allon na nan, icce ko guda babu.

Malamin Jogirafi: Gaskiya ne, ko da yake kada mu zama marasa adalci. Dogonyaron da ya rufe titunan Sakkwato dasa shi aka yi, kuma ya kama, don yana da masu shi: kowa na ba na ƙofar gidansa ruwa. Shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda jiharmu ke cikin jihohi 11 da ya shafa, shi ma inda aka damƙa wa mutanen gari an ga abin kirki. Inda aka kafa allo aka tafi, labarin Direba ne.

Ɗan Kalmalo: Duk wannan sai da zaman lafiya. Mutumin Sabon Birni ko Isa da bai isa ya je gonarsa ba, wanda tun 2019 wasunsu ke gudun hijira a ƙasar Maraɗi, ka ce masa ya reni toho? Wasu ma cewa suke itace maɓoyar ɓarayi ce, gara a sare.

Kawu Manu: Wanga zance na da zahi, ɗana, kuma ba ni da amsa tai. Amma mu da Allah ya sa muna iya zuwa gona, ba mu da hujja. Matsalata guda: in na bar toho, da rani bisashe na sake, masu gatari na bi da dare. Can ƙetare ya sunka yi da wanga?

Ɗalibar Danfodiyo: Ba mutum ɗaya ke yi ba, Kawu. Ƙauye ke haɗuwa a kafa kwamiti, da mai gari da mata da makiyaya a ciki, a sa doka a kan sara, wanda aka kama ya biya tara ga gari. Makiyayi kuma ana barinsa ya ci 'ya'yan gawo da ganye, shi ya sa yake shiga. Toho na kututture ya fi dashe jure cizon akuya, in ta ci ya sake fitowa. Wasu suna ɗaura ɗan jan ƙyalle a jiki, alamar mai shi na sane da shi.

Baban Khadija: Kwamiti a garinmu? Sai an yi faɗa a kan wa zai riƙe kuɗin tara. Amma ina da wata gona a hanyar Wurno da sabara ta dame ni, kowace shekara ina biyan yara su sassabe. Bana zan bar layi biyu in gani, in gero ya ragu ke za ki biya ni, ɗiyata.

Ɗalibar Danfodiyo: Na yarda, Baba, amma da sharaɗi: kada ka bar su cunkushe, ka ba da tazara kamar taku goma, kuma a yi yankan daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ka fara kafin ruwan farko.

Kawu Manu: Direba, yaushe za ka Madawa? In akwai wuri gaba ka aje min, in gani da idona. Ka hwaɗa min ko nawa za ni canza na sefa.

Direban Kwanni: Lahadi in Allah ya kai mu, Kawu, in hanya ta yi daɗi, bayan mun sauke kaya kasuwar Illela. Jaka biyar ta ishe ka. Ka taho da katin zama ɗan ƙasa, jandarmomin can ba su san Kawu ba. Ƙarfe shida tasha.